Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Masu Jari Ke Ɗari-ɗari da Sababbin Mazuban Abinci?

Wasiƙu uku ne suka iso wannan fili a watan nan, daga Garwa da Marwa da Njamena, kuma duk da cewa masu su ba su san juna ba, kukansu ɗaya ne: an ga sabuwar dabarar ƙunshe abinci, an je wa mai kuɗi da ita, mai kuɗi ya noƙe. Shi ya sa muka haɗa su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗan kasuwa ne a Garwa, sana'ata sarin hatsi da albasa. Ɗan ƙanena ya gama karatun sarrafa kayan abinci a jami'ar Ngaundere, ya dawo da shawarar mu kafa ƙaramar masana'antar yin leda da sitacin rogo, wadda ya ce tana ruɓewa a ƙasa kamar ganye. Hujjarsa ita ce gwamnati ta hana leda mai shara-shara, don haka kasuwa a buɗe take. Na tuntuɓi abokaina biyu da muka saba haɗa jari, duka suka ja da baya, banki kuma ya ce sai da jingina. Yaron ya ce tsoro ne kawai da rashin sanin zamani. Ni dai na rasa wanda zan bi, shi ya sa nake neman haske. Daga wani Alhaji a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Yaronka bai yi ƙarya ba a kan doka. A watan Oktoban 2012 ma'aikatar muhalli da ta kasuwanci ta Kamaru suka fitar da umarnin haɗin gwiwa da ya hana yi da shigowa da sayar da ledar da ba ta ruɓewa idan kaurinta bai wuce maikiron 60 ba, kuma umarnin ya fara aiki a watan Afrilun 2014. Amma ina roƙonka gobe da safe ka zaga babbar kasuwar Garwa, ka tsaya wajen mai ƙosai, da mai ƙullin gishiri, da yarinyar da ke tallar kunu, ka duba abin da suke ƙulla wa mutane kaya a ciki. Baƙar leda ce da farar leda mai shara-shara, irin wadda aka hana fiye da shekara goma da suka wuce, tana shigowa ta ɓarauniyar hanya, kuma arharta ta kai a ba da ita kyauta ga wanda ya sayi ƙosan dala biyar. Abokanka ita suke gani, kuma ita ce kishiyar da ledar rogo za ta tarar a kasuwa.

Tushen maganar ke nan. Ledar da ke ruɓewa amfaninta na kowa da kowa ne: kwata ba ta toshewa da damina, akuya ba ta haɗiye ta cikinta ya kumbura, gona ba ta cika da tarkace. Sai dai mai ƙosai ba ta ganin wannan amfani a cikin lalitarta, abin da take gani shi ne ƙarin kuɗin da za ta biya kullum, kuma ba wanda zai ƙara mata ko dala a kan ƙosanta don ta zuba shi a ledar rogo. Duk hajar da mai sayenta ne zai biya tsada alhali ribar ta tafi ga jama'a, doka ce kaɗai ke riƙe da kasuwarta, kuma mai jari ba ya son ya ɗora dukiyarsa a kan ko jami'an duwan da na muhalli za su matsa a bana ko za su sassauta.

Kada yaron ya ɗauka mutanen Garwa ne kawai masu wannan shakka. A duniya ana yin roba fiye da tan miliyan 400 kowace shekara, kuma wadda ake yi da tsirrai ko mai ruɓewa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, duk da shekarun da aka kwashe ana tallarta. Manyan da suka shiga da ƙarfinsu ma sun ji jiki. A Amurka, kamfanin ADM, wanda yana cikin manyan dillalan hatsi na duniya, ya haɗa gwiwa da wani kamfani mai suna Metabolix suka gina masana'anta a jihar Iowa don yin roba mai ruɓewa daga sukarin masara, amma a watan Janairun 2012 ADM ya janye, domin cinikin bai kai abin da aka yi hasashe ba. Akwai kuma Danimer Scientific, wani kamfanin yin roba mai ruɓewa, wanda ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a ƙarshen 2020 ana ta rububin sayen hannun jarinsa, sai ga shi a watan Maris na 2025 ya je kotu ya bayyana cewa ya karye. Robar da waɗannan kamfanoni suka yi tana ruɓewa da gaske, ba a nan matsalar take ba. Ginin masana'antar ne ya ci kuɗi masu yawa, kowane kilo ya fito da tsada fiye da robar man fetur, masu saye kuma suka yi ta yabo ba tare da sun sayi mai yawa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, kuma masu jarin duniya an sare su fiye da sau ɗaya a wannan fage.

Wani lokaci ma abin da ke kayar da sabuwar leda ba ya zuwa a lissafin kowa. A 2010 kamfanin Frito-Lay ya fito da buhun soye-soyensa na SunChips da aka yi da robar masara mai ruɓewa, sai masu saye suka yi ta ƙorafin cewa ƙarar buhun idan an taɓa shi ta yi yawa, kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya janye shi daga yawancin kayansa. Ƙara kawai, Alhaji.

Mu kuma a nan muna da namu abin da ya fi ƙara, wato zafi. Irin wannan roba ta masara, wadda ake kira PLA, tana fara laushi ne tsakanin digiri 55 zuwa 60, kuma ka fi ni sanin yadda Garwa take a watan Maris da Afrilu, lokacin da inuwa kanta ke wuce digiri 40, balle cikin shagon kwano ko bayan babbar mota da ta kwana biyu a hanyar Kusiri. Ita wannan roba ba ta ma ruɓewa da sauri idan an yar da ita a bola, sai a wurin yin taki na musamman mai zafi da laima, irin wanda ba mu da shi. Ledar sitaci kuwa, wadda yaronka yake nufi, ta fi saurin ruɓewa, amma sitaci abokin ruwa ne, yana shan laima ya yi laushi, kuma rabin abin da muke ƙullawa a leda mai ruwa ne ko mai zafi: kunu, koko, nono, miya, ɗanyen nama. Domin ta yi ƙwari akan gauraya sitacin da wasu sinadaran roba da ake shigowa da su daga waje. Saboda haka tambaya ta farko da zan so ka yi wa yaron ita ce, ƙwayoyin da injin zai narkar ya hura su zama leda, a nan za a yi su daga rogon Adamawa, ko daga Asiya za a yo odarsu? Idan oda ce, to su sauka a tashar jirgin ruwa ta Duwala, su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, sannan mota ta kawo su Garwa, kowane zango da kuɗinsa, kuma sunan rogo ne kawai ya rage a cikin maganar.

Yanzu bari in ba ka misalin da ya sa ban yarda a ce masu kuɗi suna ƙin sabon abu don sabo ne ba, kuma misali ne daga cikin sana'arka. Buhun nan mai riɓi uku da ake adana wake a ciki, wanda ake kira PICS, asalin bincikensa a Marwa aka yi shi tun ƙarshen shekarun 1980, tsakanin masanan jami'ar Purdue ta Amurka da cibiyar binciken aikin gona ta Kamaru, sannan daga 2007 aka yaɗa shi a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates. Leda biyu ce masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Ƙwarin da ke cikin waken suna shaƙe 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su mutu, ba tare da an sa ƙwayar magani ko ɗaya ba. Manomi ya biya kuɗin buhun da ya fi na gama-gari tsada, amma ya ajiye wakensa daga kaka zuwa lokacin da farashi ya tashi, ya buɗe ya tarar ba huji ba gari, ribar ta shiga aljihunsa shi kansa, kuma in ya kula da buhun ya sake amfani da shi baɗi. Wannan buhu ba ya buƙatar jami'i ya tilasta wa kowa saye, shi ya sa 'yan kasuwa suka sa kuɗinsu a ciki har ya kai kasuwannin ƙauye. Abin da zai ba yaronka haushi, na sani, shi ne da robar man fetur ta yau da kullum ake yin sa.

Ba na cewa ka kashe masa gwiwa, domin yaro mai ilimi da ya dawo gida da tunanin kafa masana'anta ba abin yasarwa ba ne. Shawarata ita ce kada a fara da sayen inji. A sayo ledar da aka riga aka yi, katan kaɗan, ya bi da ita wuraren da doka ke iya kama su kuma suke da sunan da za su kare, kamar manyan kantuna da gidajen burodi da otal-otal da shagunan magani, ya ga ko za su saya da kuɗinsu, kuma ko za su dawo su sake saye karo na biyu da na uku. A ajiye wasu a sitonka su sha zafin bazara ɗaya, a ga ko sun tsage ko sun manne. Idan ya dawo da takardun oda a hannu, ka koma wa abokanka, ina kyautata zaton fuskarsu za ta sauya. Kafin nan kuwa, abin da yake kawo musu cinikin biri a sama ne.

Abu ɗaya kuma ku kiyaye: akwai ledar da ake buga wa tambarin cewa tana ruɓewa, alhali robar man fetur ce aka sa mata sinadarin da ke sa ta farfashe ta zama ɓurɓushi. Tarayyar Turai ta hana irin wannan tun watan Yulin 2021.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina zaune a Marwa, ina yin garin kunun gyaɗa da yaji da ƙuli-ƙuli, ina kuma saro kilishi in aika Yawunde da Duwala. Na ga injin da ke zuƙe iska daga leda ya hura wata iska ta daban ya liƙe, aka ce kaya na yin wata da watanni ba su lalace ba. Na roƙi yayana ya sa jari mu saya, ya ce shi ba ya zuba kuɗi a abin da in ya lalace sai an kira mai gyara daga Duwala. Yaya zan shawo kansa? Daga wata Hajiya a Marwa.

Amsa: Hajiya, barka kadai. Yayanki ya faɗi rabin gaskiya, ke ma kina riƙe da rabi. Lamarinki ya fi na Alhajin Garwa sauƙi, domin ke idan ƙunshi ya yi kyau ribar a hannunki za ta tsaya: kaya ba za su dawo ba, kuma kantin da ba ya karɓar ƙulli zai karɓi fakiti.

Sai dai ki fara sanin abin da ke lalata kayanki. Busassun kaya masu mai, irin gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kilishi, abokan gabarsu uku ne: iska da haske, waɗanda ke sa mai ya tsufa ɗanɗano ya juya, da kuma laima, wadda ke kawo funfuna. Kilishin da ya bar Marwa a bushe ƙarau, da zarar ya sauka Duwala ya haɗu da iskar bakin teku sai ya yi laushi idan a takarda ko siririyar leda aka naɗe shi. Maganin wannan shi ne leda mai kauri wadda aka yi wa shafi na alminiyum a ciki, da ƙaramin injin liƙe baki da zafi, wanda duk mai gyaran rediyo zai iya sauya masa waya idan ta ƙone. Injin da kika gani, mai hura iskar naitirojin, yana da amfani ga kamfanin da ke cika dubban fakiti a rana, amma yana buƙatar tukunyar iskar da za a riƙa cikowa, da wuta tsayayya, da kayan gyara. Arewacin Kamaru kuwa ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwan Lagdo, kuma kin san yadda wuta ke yi idan ruwa ya ja baya. Kuɗin man janareto kaɗai na iya cinye ribar da kike hange. A nan yayanki ya yi daidai.

Wata gaskiyar da masu tallar injin ba sa gaggawar faɗa ita ce zuƙe iska ba ya gyara abin da bai bushe ba. Idan aka rufe nama ko bandar kifi mai sauran laima a ledar da ba iska, aka bar shi a zafi, akwai ƙwayar cuta mai tsananin dafi da ta fi son daidai irin wannan wuri, kuma ba lallai wari ya tona ta ba. Ɗanyen kaya da masu laima sai da sanyi tun daga wurin yi har hannun mai saye. Haka kuma gyaɗar da ta riga ta yi funfuna, dafinta yana nan ko a wace irin leda aka sa ta, don haka tsince gyaɗa kafin a soya ya fi kowane inji muhimmanci.

Game da shawo kansa, gani ya kori ji. Ki ɗebi kilishi da garin kunu na rana ɗaya, ki raba biyu, rabi a ƙunshin da kika saba, rabi a sabuwar ledar, ki rubuta kwanan wata, ki aika wa wata 'yar'uwa a Duwala ta ajiye, duk bayan mako biyu ta buɗe ɗaya ta gaya miki abin da ta gani. Ki haɗa wannan da littafin da ke nuna kayan da suka dawo miki a lalace cikin shekarar da ta wuce da kuɗinsu. Sannan ki nemi ƙaramin jari, ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu kan yadda za a raba riba, ko da kuwa ciki ɗaya kuka fito, domin zumunci ya fi daɗewa idan lissafi a fili yake. In kina nufin shiga manyan kantuna, ki tanadi kuɗin gwajin kaya da takardun hukumar ingancin kaya ta ANOR tun yanzu, kada su zo miki ba shiri.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Njamena. Na karanta cewa ana shafa wa 'ya'yan itace wani siririn shafi da ake iya ci don su daɗe, kuma ana gwada ƙaro a wannan aiki, ga shi Chadi na cikin manyan masu fitar da ƙaro. Amma duk wanda na yi wa maganar sai ya yi dariya. Ashe ba kowace fasaha aka fara yi wa dariya ba? Daga wani ɗalibi a Njamena.

Amsa: Ƙanena, haka ne, amma ka duba tsawon lokacin da dariyar ke ɗauka. Bafaranshen nan Nicolas Appert ya wallafa dabarar adana abinci a rufaffen mazubi a 1810, a shekarar aka yi wa gwangwani rajista a Ingila, amma sai a shekarun 1850 aka ƙirƙiro mabuɗinsa, kafin nan da guduma da kurfi ake fasa shi. Kwalin madarar Tetra Pak da kake gani a kantunan Njamena, tunaninsa ya faro a Suwidin a 1944, aka kafa kamfanin a 1951, dabarar cika shi ba tare da ƙwayar cuta ba, wadda ta sa madara ke zama ba firji, ta zo a 1961, kuma a 1965 mai kamfanin, Ruben Rausing, ya sayar da tsohon kamfaninsa ya riƙe wannan. Shekara ashirin ke nan ana zuba kuɗi. Ɗan kasuwar da jarinsa ke juyawa tsakanin Njamena da Kusiri duk mako ba shi da wannan dogon numfashi, kuma ban ga laifinsa ba.

Shafin da kake magana a kai gaskiya ne. Kamfanin Apeel na jihar Kalifoniya, wanda aka kafa a 2012, ya tara kuɗi masu yawa a kan irin wannan dabara, yana shafa wa lemo da fiya abin da ke rage fitar ruwa da shigar iska, kuma ƙaro, da Chadi ke cikin manyan masu fitar da shi bayan Sudan, masana sun gwada shi a kan tumatir da mangwaro. Sai dai tumatirin da ke zuwa kasuwarku yawancinsa tun a kwando yake mutuwa, an danne na ƙasa da na sama, mota ta yi ta jijjiga shi a rana, kuma shafi ba ya ɗinke wanda ya riga ya fashe. Garinku ma ya ga yadda doka ke yi: a 2010 hukumar birnin Njamena ta matsa kan hana leda har tituna suka yi fes, wanda ya kafa sana'a a kan wannan matsin kuwa dole ya riƙa addu'ar kada a sassauta.

Kuɗin da ya dace da matakin da kake kai na jami'a ne da na masu tallafa wa bincike, ba na ɗan kasuwa ba tukuna. Ka nemi malaminka ku tsara gwaji: kwando biyu na mangwaro daga bishiya ɗaya, a tsinka rana ɗaya, ɗaya a shafa masa ruwan ƙaro ɗaya a bar shi, ka riƙa auna nauyinsu kana ƙirga waɗanda suka ruɓe kowace safiya, ka kuma rubuta kuɗin ƙaron da na aikin shafawa. Idan ka maimaita sau uku sakamakon bai sauya ba, ka aiko mana da alƙaluman, za mu buga su a wannan fili.